Gaiwa Huɗu a Ƙarƙashin Rumbu

Ƙauyenmu yana tsakanin Mayahi da Tasawa. Gabas da shi akwai wani kwari da har yau muke ce wa tabki, ko da yake yaran yanzu ba su taɓa ganin ruwa ya yi sati biyu a cikinsa ba. Lokacin da nake tasowa, ruwansa yakan kai bayan an gama ɗaure gero, wata shekarar ma har sanyi ya shiga sosai. Ba mu da kogi, ba mu da masunta. Kifinmu ɗaya ne, gaiwa, kuma mahaifina ne yake kula da ita.

Wanda bai san gaiwa ba zai ɗauka maciji ne ya yi ƙiba. Doguwa ce, mai santsi, launinta launin laka, idanunta ƙanana. Tana da wasu siraran hannuwa huɗu kamar zare, da su take taɓa ƙasa in tana tafiya a gindin ruwa. Iska take shaƙa kamar mu. In ka zauna bakin tabki da hantsi ka yi shiru, za ka ji wani ɗan sauti, kamar mutum ya buɗe baki zai yi magana ya fasa. Ita ce ta leƙo ta kurɓi iska ta koma. Baba ya ce in aka danne ta cikin ruwa aka hana ta leƙowa, mutuwa take yi. Da damina namijin ne yake tsaron ƙwai a cikin ciyawar bakin ruwa, kuma yana cizo. Ƴaƴan kan fito da wasu ƴan gashi a wuya kamar na ɗan tsako, in sun girma gashin ya ɓace.

Idan ruwa ya fara ja, sai gaiwa ta nutsa cikin laka kamu ɗaya ko biyu, ta naɗe jikinta, ta rufe idanunta da wutsiya. Yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata riga kamar busasshen ganye. Takan bar ƴar kafa guda zuwa sama don numfashi. Haka take wuce rani duka, ba ci ba sha, tana cin naman jikinta a hankali har ruwa ya dawo ya tashe ta.

Da rani maza kan shiga tabki da dagi. Ka duƙa ka nemi ƴar kafar nan, ka zura tsinke a ciki. In tana nan za ka ji ta yi gurnani, ko tsinken ya motsa a hannunka. Sai ka haƙa kewaye, ka ɗago curin lakar duka, ka kai gida. Kowa yana da izinin haƙa ko'ina, ban da wuri ɗaya. A tsakiyar tabkin, gindin wata tsohuwar bagaruwa, akwai inda ya fi zurfi, inda laka ta fi baƙi. Nan muke kira cibiya. An kewaye ta da duwatsu, kuma ba a sa mata dagi. Gaiwar da ke nan Baba yana ce mata iri, kamar yadda ake ware zangarniyar gero mai kyau a rataye ta don shuka. Daga cibiya tabkin yake cika da kifi kowace shekara. Kakana ne ya bar wa Baba tsaron wurin. Ba sarauta ba ce, ba a ba shi komai. Ran Juma'a bayan an sauko yakan zaga duwatsun, ya gyara wanda dabba ta ture, ya dawo.

Yana da aboki, wani Bafulatani mai shanu daga wajen Isawan, wanda yakan sauko kowace kaka ya shayar da garkensa a tabkinmu. Baffa nake ce masa. Shi ba ya cin kifi, ko warinsa ba ya so.

"Mai garke, ina kwanan shanunka?" in ji shi, in ya tarar da Baba a bakin duwatsu. "Sun tashi, ko har yanzu barci?"

"Nawa ba su ɓarnar gonar kowa, Fillo. Naka fa?"

"Kiwon malalaci ke nan. Ba kora, ba tatsa."

"To, ba kuma biyan diyya gaban maigari."

Su yi ta yi har a kira la'asar, sannan su raba goro.

Farin farko da na sani shi ne na shekarun da sojoji suka karɓi mulki. Tabki bai cika ba. Mutane suka haƙe gefe duka, suka zo kan cibiya. Baba ya je ya zauna a kan dutse ɗaya daga safe har yamma, kwanaki a jere, ba ya faɗa da kowa. Wanda ya zo da dagi sai ya gaishe shi ya tambaye shi iyali, har mutumin ya ji kunya ya koma. Da ruwa ya dawo, ina tare da shi muka ji sautin nan na farko daga gindin bagaruwa. Sai ya taɓa ni a kafaɗa don in saurara.

Fari na biyu ya zo bayan kamar shekara goma, har lokacin sojoji ne a kan mulki. Na riga na yi aure, muna da ƴa mace da ba a yaye ba. Shekara shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, na fito da Faransanci gwargwadon na karanta takarda da na amsa wa baƙo. A ƙauyenmu wannan ya isa a riƙa kirana duk lokacin da mota ta tsaya ƙofar maigari.

Damina biyu tabki bai ga ruwan kirki ba. Gero ya ƙone tun yana kai gwiwa. Muka ci irin shuka, muka koma kan dusa da ganyen jiga. Rabin samarin gari sun tsallaka iyaka. Matata nononta ya fara ƙafewa, yarinyar ta daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan nishi.

Sai umarni ya zo daga sama cewa kowane gari ya yi noman rani. Wata safiya mota ta tsaya, wani ma'aikaci ya sauko da takardu, tare da soja ɗaya da ya zauna a inuwa yana riƙe da bindiga a cinya. Ma'aikacin ba mugu ba ne. Saurayi ne mai fara'a, daga yammacin ƙasar, ba ya jin Hausa sosai. Ya ce za a zurfafa tabki don ya riƙe ruwa har rani a yi lambu, kuma duk wanda ya yi haƙa za a ba shi dawa, daga kamiyon, babbar motar kaya, da zai riƙa zuwa kowane sati. Na fassara. Na ga fuskokin mutane lokacin da na faɗi dawa.

Muka shiga tabkin da ƙafa, shi da maigari da dattawa da ni. Ya ce in tambaye su ina ne laima ta fi daɗewa bayan ruwa ya janye, don nan za a haƙa. Na tambaya. Maigari ya dubi ƙasa. Dattawa suka dubi ƙasa. Babu wanda bai san amsar ba. Ma'aikacin ya jira, ya sake tambaya, sannan ya juyo ya ce mini da Faransanci, cikin taushi, in babu wurin da ya dace a nan, akwai gari na gaba da ke jiran kamiyon.

Ban ma yi magana ba. Hannu na ɗaga na nuna bagaruwa.

Baba yana tsaye bayan maigari. Ya matso, bai dube ni ba, ya ce:

"Hwaɗa mishi, lakar wurin nan iyakarta ƙirjin mutum. Ƙarƙashinta rairayi ne. Tabkin ga ƙwarya ce. In an huda gindin, ba ta sake riƙe ruwa."

"Me tsohon yake cewa?" in ji ma'aikacin.

Na ce: "Mushe, cewa ya yi akwai kifi a wurin, suna barci cikin laka."

Ma'aikacin ya yi murmushi, ya dafa Baba, ya ce in gaya masa ya kwantar da hankali, in ruwa ya yi yawa kifi ma zai yi yawa. Na fassara wannan daidai, ban rage ko kalma ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa na ɓoye zancen rairayin. Na san in ya ji zai ce a auna, a rubuta, a jira amsa daga Maradi, kamiyon kuma ya wuce. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan wuyar faɗa: a raina na ɗauka mai takarda ya fi Baba sanin ƙasa. A hanyar komawa Baba ya tambaye ni sau ɗaya.

"Ka hwaɗa mishi duka?"

"Na faɗa, Baba."

"Maganata ta yi tsawo, taka ta yi gajarta."

Aka fara haƙa. Wannan karon Baba bai zauna a kan dutse ba, don da soja a inuwa ba a yin irin wannan zama, kuma mutanen da ke riƙe da dagi ƴaƴan maƙwabtansa ne da ya san abin da ke gidajensu. Aka kwashe duwatsun aka tara gefe. Gaiwa ta yi ta fitowa kamar ana tonon dankali, manya waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba, wasu tsawon hannu. Kwana da kwanaki garin yana ƙanshin gashin kifi. Ba na zargin kowa. Ni ma na ci.

Rana ta uku Baba ya shigo ramin da kwando. Ya duƙa da tsinke yana nema, mutane suna ba shi hanya. Ya haƙo curi huɗu da hannunsa, bai bari ko ɗaya ya tsage ba. Ya kai su gida, ya jera ƙarƙashin rumbu inda rana ba ta kaiwa, kafar kowane tana duban sama, ya zuba toka kewaye saboda tururuwa. Rumbun babu ko ƙwaya a ciki. Abin da ya rage mana na ajiya duka yana ƙarƙashinsa.

Cikin sati na uku dagin wani ya shige ƙasa ba tare da ƙarfi ba, ya fito da farin rairayi. Ma'aikacin ba ya nan ranar, yana wani gari. An ce mana mu kai zurfin da aka sa alama a jikin sanda, sai muka ci gaba. Baba ya zo bakin ramin da yamma, ya ce in miƙo masa abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Na damƙo na miƙa. Ya murza a tafinsa, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsu, ya kakkaɓe hannu a riga.

Dawar ta zo sau uku, sannan kamiyon ya daina zuwa. Nonon matata ya ƙafe sarai. Wata rana na dawo daga neman ganye na tarar da Baba zaune da yarinyar a cinya, gefensa curi ɗaya a fashe, matata kuma tana hura wuta.

"Amaryata ta rame," in ji shi, yana rausaya ta. "Gari zai ce tsohon nan ya yi aure ba ya iya ci da mata. Ko ba haka ba, uwar gida? Ke da ba ki da haƙori, wa zai aure ki in ba ni ba?"

Matata ta ce, "Baba, da ka bar shi. Iri ne."

"Ke ma iri ce. Sha romon duka, kada ki rage wa mijinki, shi ya ci nasa a tabki."

Wannan kaɗai ce maganar da ya taɓa yi da ta yi kama da gori, kuma da dariya ya yi ta.

Ƙyanda ta shigo garin da zafin bazara. Yarinyar tana cikin waɗanda ta ɗauka. Baba bai daɗe bayanta ba. Ba wata cuta muka gani ba, ya dai riƙa tura kwanonsa gabanmu yana cewa ya ƙoshi. Kwana biyu kafin ya rasu ya sa na ɗauke shi na kai shi inuwar rumbu. Ya zura tsinke a curi ukun, ɗaya bayan ɗaya, ya sa kunne.

"Suna nan?" na tambaya.

"Kunnena ya mutu. In ruwa ya zauna ka mai da su. Kada ka yarda da ruwan hwarko, ruɗi ne. Ka jira har ka ga ya zauna."

Na ce to. Na so in gaya masa abin da na ce wa ma'aikacin, amma na ga ya sani, kuma faɗar ni za ta sauƙaƙa wa, ba shi ba.

Daminar da ta biyo baya ta yi kyau. Ruwa na farko mai ƙarfi ya cika tabki har bakin gonaki, mata suna guɗa. Washegari na je na tsaya. A daidai inda cibiya take, ganyaye da tsinkaye suna juyawa a hankali a kan ruwa, kamar in an cire toshiyar randa. Kwana tara ya ƙafe. Ruwa na biyu ya yi kwana shida. Na zauna bakin ruwan duk safiyar da yake nan, ban ji sautin nan ba ko sau ɗaya.

Na kasa jira kuma. Shekara uku ke nan suna cikin laka, ban san iyakar abin da za su iya ba. Na samo rabin tano, irin gangar ƙarfen nan, na cika shi da ruwan sama, na sa curi na farko. Lakar ta narke, rigar ta taso kan ruwa, babu komai a ciki sai ƙaya da ɗan gari. Na biyu an huda shi ta ƙasa, tururuwa sun riga ni tun da daɗewa. Na uku na sa shi na juya baya, don ba na son in gani. Matata ce ta kira ni.

"Zo. Zo mana, tana motsi."

Gaiwar ta warware wutsiya daga kan idanunta a hankali. Ta rame har kan ya fi jikin girma, fatar ta yi tamoji. Ta daɗe kwance a gindin tanon. Can ta taso, ta buɗe baki a saman ruwa, ta yi sautin. Matata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zanenta. Tun ranar da aka binne yarinyar ban ga ta yi kuka ba sai ranar.

Ita ta ɗauki ciyar da gaiwar. Takan kamo tsutsar ƙasa da talibambam, ta jefa, ta tsaya har ta ga an ci. Gaiwar ta yi ƙiba kaɗan. Amma tano ba ya ɗaukar gaiwa har rani, kuma in na sake ta a tabkinmu, in ruwa ya ja za ta nutsa ta tarar da rairayi, wanda ba ya riƙe riga, ba ya riƙe kafar numfashi.

Cikin wannan hali Baffa ya sauko. Babu shanu, awaki biyu ne a bayansa. Ya ji rasuwar a hanya. Ya yi gaisuwa, ya zauna inda Baba yake zama, na nuna masa tanon. Ya leƙa ya yamutsa fuska kamar yadda ya saba.

"Garken ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa."

"To, ya fi ni. Ni ko saniya ɗaya ban fito da ita ba. Akwai wani tabki kudu, wajen Kona. Baƙar laka ce, na san ta, ta taɓa riƙe mini maraƙi har sai da muka sa igiya. Kai ta can. Amma kada ka ce ni na ɗauki kifi a ka."

Na zuba ta a tulu da ruwa rabi, na rufe bakin da tsumma, na ɗaura a jaki. Kwana biyu muna tafiya. Duk inda na tsaya hutawa nakan sa kunne a jikin tulun.

Tabkin yana nan yadda ya faɗa, da ruwa da ciyawa. Na sami wani dattijo mai gona a bakinsa, na yi sallama, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce su ma da suna da gaiwa, amma tun farin nan ba wanda ya sake gani, an haƙe ta duka.

"Guda ɗaya ka kawo? Mace ko namiji?"

"Ban sani ba, Baba."

"To da wa za ta haihu?"

"Wataƙila akwai wadda ta tsira a nan."

"Wataƙila," ya ce, don ya ga ina so ya faɗa.

Na shiga ruwa har cinya na karkata tulun. Ta fita ba gaggawa, ta taɓa laka da hannuwanta, ta shige ciyawa. Na roƙi dattijon, in rani ya yi, a bar wurin da ya fi zurfi kada a haƙa. Na gaya masa yadda muke yi a garinmu. Na kwaso duwatsu na tara masa a gindin wata bishiya don ya kewaye wurin in ruwa ya janye. Ya ce to, in Allah ya yarda. Na ga alama da gaske yake.

Da rani na koma. Dattijon ya tafi wajen ɗansa a Tasawa jinya. Mutanen da suka yi gudun yunwa sun dawo suna gyaran gidajen da suka rushe, kuma babu lakar tubali kamar ta gindin tabki. An haƙe shi rami rami, tubali a jere yana shan rana. Duwatsuna suna nan a tare inda na bar su. Na yini ina bin tsakanin ramukan da tsinke, ina zurawa a duk kafar da na gani. Masu yin tubali suka tambaye ni ko kuɗi na yar. Na tambaye su ko sun ga gaiwa, suka ce a'a, wani ya ce kamar an ce wani ya samu, bai tabbata ba. Babu kafar da ta amsa.

Na sake komawa da damina sau biyu a shekarun da suka biyo, na zauna bakin ruwa daga hantsi zuwa azahar. Kwaɗi ne kawai. Daga nan ban sake zuwa ba.

Lambun da aka yi haƙar dominsa ba a taɓa yin sa ba. Ramin ya cike da yashi da kansa, bagaruwar ta bushe aka sare ta. Na mai da duwatsun cibiya inda suke a da, gwargwadon yadda na tuna. Jikokina suna tsalle a kansu in sun kai awaki. Ɗaya ta tambaye ni kabarin wane ne, na ce ba kabari ba ne, wurin kifi ne. Ta dubi yashin, ta dube ni, ta yi dariya, ta bi awakinta. Ran Juma'a bayan an sauko nakan je in gyara wanda aka ture.